Yadda ake zuba wa motar aro mai ba tare da an haɗa fetur da dizal ba

Ka kai motarka gareji, aka ce gyaran zai ci kwana uku ko huɗu, sai suka miƙo maka makullin wata motar ka riƙa lallaɓawa kafin taka ta fito. A Ingila da ƙasashen Turai an saba da wannan, gareji ko kamfanin inshora ke bayarwa. A wajenmu ya fi zuwa ta wata fuskar: motar ofis, motar haya, ko ta ɗan'uwa da ya ce riƙe wannan zuwa jibi. Matsalar dai ɗaya ce. Hannunka da bakinka sun saba da motarka, wanda kuwa ya shekara goma yana cewa a cika masa fetur, ranar da ya shiga motar dizal ma abin da bakinsa zai furta ke nan.

Matakin farko tun kana gaban wanda ya ba ka makulli ne. Ka tambaye shi wane mai motar take sha, kuma yaya yake so a dawo da tankin. Wasu suna ba da ita cike su ce a maido ta cike, wasu su ce a maido ta daidai inda allura take. Ka ɗauki hoton gejin mai da lambar kilomita a gabansa, don kada gardama ta taso daga baya. A nan ka kula da kalmar "gas". A Najeriya direbobi da yawa dizal suke nufi da ita, a Nijar ma sunan dizal na Faransanci ya yi kama da haka, amma Ba'amurke idan ya ce "gas" fetur yake nufi. Kada ka karɓi wannan kalmar a matsayin amsa. Ka sa a ce maka fetur ko dizal ƙarara.

Na biyu, ko an faɗa maka, ka buɗe ƙofar tankin ka karanta da idonka. Ƙaramar kibiyar da ke gefen hoton famfo a jikin gejin mai tana nuna maka ɓangaren da ƙofar take. Yawancin motoci suna da rubutu a murfin ko a cikin ƙofar: Diesel, ko Unleaded idan ta fetur ce. Tun watan Oktoba na 2018 sababbin motocin Turai suke zuwa da alama iri ɗaya da ta jikin famfo: da'ira mai E5 ko E10 a ciki fetur ce, murabba'i mai B7 ko B10 dizal ne. Idan kuma ka ga wani ƙaramin murfi shuɗi kusa da na mai an rubuta AdBlue, motar dizal ce, kuma wannan ramin ba na mai ba ne, kada a zuba komai a ciki.

Sau da yawa motar ta tsufa, rubutun ya goge ko an canja murfin. To sai a koma ga alamomin da motar ke nunawa da kanta. Murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ba tare da ka tayar da injin ba. Idan wata 'yar fitila mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta kama na ɗan lokaci ta mutu, wannan alamar filogin ɗumama injin dizal ce, motar fetur ba ta da ita. Sannan ka dubi agogon juyin injin. A motar dizal jan layi yakan fara ne wajen 4,500 zuwa 5,000, a ta fetur kuwa sai 6,000 ko sama da haka. A ganina wannan ita ce alamar da ta fi sauƙin dogaro, don babu mai goge ta.

Haruffan da ke bayan mota ma suna taimakawa. TDI na Volkswagen, HDi na Peugeot, dCi na Renault, CDI na Mercedes, D-4D na Toyota da CRDi na Hyundai da Kia duk dizal ne. TSI da VVT-i na fetur ne. Ka lura TDI da TSI harafi ɗaya ya raba su. Abin da ba zan ba ka shawarar dogara da shi ba shi ne siffar mota. Hilux da Hiace da Prado ana yin su da injin fetur, ana yin su da na dizal, kuma daga waje ba ka bambanta su. Ƙara ma tana yaudara, domin injin dizal na zamani ba ya kwankwatsa irin na da. Idan har yanzu kana kokwanto, shinshina bakin tankin: fetur yana da kaifin wari kuma yana bushewa nan take a yatsa, dizal yana da maiƙo da santsi, yana daɗewa. In ba ka gamsu ba, ka buga wa mai motar waya.

Na uku shi ne gidan mai. Kada launin kan famfo ya ja ka. A Ingila kore fetur ne baƙi dizal, a Amurka kuwa sau da yawa koren shi ne dizal. Rubutu za ka karanta. A Najeriya PMS fetur ne, AGO dizal. Inda mutum ke zuba wa kansa, ka karanta sunan man a jikin famfo, ka sake karantawa a kan bututun da ke hannunka kafin ka matsa. Inda ma'aikaci ke zubawa, kamar yadda ake yi a gida, ka kashe mota ka fito ka tsaya a kansa, ka ce masa "dizal take sha" kafin ya ɗaga famfon. Shi ma yana da nasa sabon, ƙananan motoci nawa ya zuba wa fetur tun safe?

Akwai wani abu game da kaurin bututun da ya kamata kowa ya sani. Bakin famfon dizal ya fi na fetur kauri, shi ya sa da wuya ya shiga tankin motar fetur ta zamani. In ka ji bututu ya ƙi shiga, tsaya, kada ka tilasta shi. Amma na fetur siriri ne, yana shiga tankin dizal salin alin, a motoci da yawa babu abin da zai tare shi. Saboda haka kuskuren da ya fi yawa shi ne fetur a motar dizal, kuma shi ne ya fi ɓarna. Wanda ke saye a jarka wajen 'yan bumburutu ko wannan kariyar ba shi da ita, mazurari duk abin da aka ba shi yake wucewa da shi.

Idan an riga an zuba, abu ɗaya ne tak zai cece ka: kada ka tayar da motar, kada ma ka murɗa makulli. A motoci da yawa da zarar fitilu sun kama, famfon cikin tanki ya fara tura mai zuwa injin. Dizal shi ne ke shafa wa babban famfon injin maiƙo yayin da yake aiki cikin matsi mai tsanani. Fetur wanke wannan maiƙon yake yi, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe, ɓurɓushin ya bi layi har cikin nozul, wato masu fesa mai cikin injin. Matuƙar man yana cikin tanki, zuƙe shi kawai za a yi a wanke. Da ya zagaya, maganar ta koma ta canja famfo da nozul da bututun mai. Dizal a motar fetur bai kai wannan muni ba, yawanci hayaƙi take yi ta riƙa shaƙewa ta mutu, amma ita ma sai an zuƙe tankin.

Ka sa giya a firi, ka nemi mutane su taya ka tura ta gefe, ka kira garejin da ya ba ka motar kafin ka kira kowane bakanike. Motarsu ce, su ne za su ce a turo janwe ko mai zuƙe tanki, kuma inshora da yawa ba sa biyan wannan kuskuren sai in an rubuta shi a yarjejeniya. Za ka ji masu cewa in kaɗan ne a cika sauran da dizal a tafi. Tsofaffin injina sun jure hakan, na yanzu ba sa jurewa, kuma ba a gwada sa'a da dukiyar mutane. In ka riga ka hau hanya kafin ka gane, ka tsaya a wuri mai aminci ka kashe injin nan take, ka faɗa musu lita nawa aka zuba da nisan da ka yi, don da wannan bayanin za su san iya abin da za su buɗe.

Ranar mayar da motar, ka zuba mai a gidan man da ya fi kusa da garejin, ka karɓi rasit. Shi ke nuna irin man da ka saya da yawansa da lokacin. Ka sake ɗaukar hoton gejin, ka miƙa rasit ɗin tare da makulli.