In birkin motarka ya nutse ƙasa, ga yadda ake duba fayif a gyara a gida

Ɗan'uwa in ka taka birki ka ji ya tafi ƙasa lumus ba wani ƙarfi, ko sai ka yi ta famfo kafin ya kama, to ajiye motar nan kawai kar ka ce bari na lallaɓa zuwa Ringim ko Gumel, mu nan karkara hanya duk shanu ne da amalanke da yara masu tallar fura, ba wajen gwaji ba ne.

Fara buɗe bonet ka duba robar man birki da ke kan masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafun mota, tana da alamar MIN da MAX a jiki. In man ya sauka sosai to akwai inda yake zuba. Ka cika shi, ka sa wani ya zauna ya danne birki kai kuma ka leƙa ƙasa da tocila, ka bi fayif ɗin ƙarfen nan siriri tun daga masta har ƙafafu huɗu. Inda ya fi lalacewa wajen maƙalai ne da kusa da tankin mai da ƙafar baya, nan laka ke maƙalewa da damina tsatsa ta ci, sannan burji na harba tsakuwa. Motocin tokumbo irin su Golf da Sharon da yawansu da tsatsar suke zuwa saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Ka duba tiyon roba na bakin kowace taya ma, in ya tsage ko yana kumbura in an taka shi ma ya mutu. In duk waje a bushe yake amma birki na nutsewa a hankali, to masta ce ke sakin mai ta ciki, wannan wani aikin ne daban.

Yanzu abin da ya sa na yi rubutun nan. Don Allah a daina ɗaure fayif ɗin birki da roba ko liƙe shi da gam, ko a murɗe shi da filaya a kashe ƙafa ɗaya a ci gaba da lodi ranar kasuwar Maigatari. Matsin da ke cikin fayif ɗin nan in ka taka da ƙarfi ba abin da gam zai riƙe ba ne, zai yi kamar ya riƙe a ƙofar gida sai ranar da ka fi buƙatarsa ya saki. Masu zuba ruwan omo ko man inji a maimakon man birki kuma wallahi ganganci ne, man inji yana kumbura robobin masta ya lalata su duka. Fayif in ya fashe sauya shi ake.

Ka samu ƙasa mai tauri, ka tare tayoyi da dutse, ka ɗaga da jak sannan ka tokare da kututture mai ƙwari, kar ka taɓa shiga ƙarƙashin mota jak ne kaɗai ke riƙe da ita. Fesa wa notocin fayif ɗin man kwance tsatsa ka ba su lokaci. Yawanci sifana lamba 10 ce ko 11, in ka samu mai tsaga ɗin nan da ke rungume noti ita ce daidai, ta yau da kullum tana cinye kan noti. Ka cire tsohon fayif ɗin gaba ɗaya ka tafi da shi wajen masu sifiya, in ba a samu a kusa ba Kofar Ruwa a Kano, a gwada tsayi da kauri, yawanci milimita 4.75 ne, a kuma duba bakinsa don na motar Jamus da na Japan ba lallai su zo ɗaya ba. Wajen ɗaurawa fara murɗa notin da hannu har ya hau zare sosai kafin ka sa sifana, kar ka lanƙwasa sabon fayif ɗin ya karye, kuma ka mayar da shi cikin maƙalansa kar ya riƙa gogar salansa ko taya.

Sai bilidin, wato fitar da iska, nan ne mutane ke gajiya su bar aiki rabi. Man da aka rubuta a murfin robar za ka saya, DOT 3 ko DOT 4, sabo a rufe domin yana shan danshi in ya jima a buɗe, kar ka haɗa da DOT 5, in man birkin ya zuba a fenti kuma wanke nan take yana cinsa. Ka fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, a yawancin motoci bayan dama, sai bayan hagu, gaban dama, gaban hagu. Wanda ke cikin motar ya yi famfo sau uku ya danne, ka sassauta ɗan notin iska da ke jikin birkin ƙafar, mai ya fito da kumfa, ka ƙulle tukunna sannan ya ɗaga ƙafa, in ya riga ka ɗagawa iska ta koma. Haka za ku yi ta yi har mai ya zo ba kumfa, kana ƙara mai a sama kar robar ta ƙafe, in ta ƙafe kun koma farko.

Da an gama a danne birki da ƙarfi kamar minti ɗaya, ka shafa kowace mahaɗa da yatsa ka ga ko ta jiƙe. In ya tsaya ƙyam, gwada a fili a giya ɗaya tukunna kafin ka hau kwalta. In har yanzu da laushi bayan bilidin, musamman mota mai ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki da ƙarfi, kira bakanike ya zo gida ya same ta.