Kafin ɗanka ya cike fom ɗin WAEC

Ina koyar da yaranmu darasin yamma a Agege, kuma abin da ke ci min rai shi ne yaro ya kai aji shida na sakandare ba wanda ya tambaye shi me yake son karantawa a jami'a.

Alhaji, ka zaunar da shi tun kafin rajistar WAEC, don darussan da zai zaɓa su dace da kwas ɗin da yake so. Ku buɗe kundin JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, a intanet, ku duba kwas ɗin da yake so a jami'ar Legas da ke Akoka ko jami'ar jihar Legas (LASU) ta Ojo. Darussa 4 ake rubutawa a JAMB, Turanci dole ne. Mai son likitanci sai ya haɗa da Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Injiniya kuwa Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Mai son lauya kada ya kuskura ya ajiye Adabin Turanci don wai littattafan sun yi yawa. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta rasa shekara guda saboda wannan kaɗai.

A WAEC ko NECO, kiredit 5 ake nema, har da Turanci da Lissafi. Sannan ka tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa a NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, sun yi daidai da na takardun makaranta, harafi da harafi.