Yadda Ake Tabbatar da Furosesa Za Ta Yi Aiki da Madabod Kafin a Biya Kuɗi

Wanda zai haɗa kwamfutar tebur da ɗan abin da ya tara ba shi da halin sayen kaya sau biyu, kuma babu inda asara ta fi saurin faɗa masa kamar wajen haɗa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da madabod, wato babban allon da sauran kayan duka suke hawa kansa. Idan waɗannan biyu ba su dace ba, fanka za ta iya juyawa, fitilu su kama, amma ko harafi ɗaya ba zai bayyana a sikirin ba, ga shi kuma masu shago da yawa ba sa karɓar kayan da aka riga aka buɗe. Saboda haka a fara zaɓar furosesa gwargwadon aikin da za a yi da ƙarfin aljihu, sannan a nemo mata allon da zai ɗauke ta.

Abu na farko da ake dubawa shi ne soket, mazaunin da furosesa take zama a kan allo. Na kamfanin Intel da na kamfanin AMD ba sa haɗuwa ko kusa. A ɓangaren AMD, soket ɗin AM4 ya fito a 2016, kuma shi ne yake ɗaukar furosesocin Ryzen daga jerin 1000 har zuwa 5000, yayin da AM5 na 2022 yake ɗaukar jerin 7000, 8000 da 9000. A ɓangaren Intel kuwa, LGA 1200 na zubi na 10 da na 11 ne, LGA 1700 na zubi na 12, 13 da 14, sai LGA 1851 na Core Ultra 200S da ya zo a 2024. Lambobin farko na sunan furosesa ne suke nuna zubinta: Core i5-10400 ta zubi na 10 ce, i3-12100 kuma ta zubi na 12.

Sai dai dacewar soket ba ta wadatar ba, kuma a nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Soket ɗin LGA 1151 ya yi wa zubi huɗu hidima, amma allunan da ke da cifset (ɗan guntun da ke haɗa furosesa da sauran sassan allo) na jerin 100 da 200, irin su H110 da B250, zubi na 6 da na 7 kawai suka sani, yayin da zubi na 8 da na 9 suke bukatar jerin 300, irin su H310 da B365. Core i5-8400 za ta zauna daram a cikin allon H110, a rufe mariƙinta ba tare da wata gardama ba, amma ba za ta tashi ba. Haka nan Intel ba ta bai wa cifset ɗin H410 da B460 damar ɗaukar zubi na 11 ba, duk da cewa soket ɗinsu LGA 1200 ne. A gidan AM4 ma akwai irin wannan: B550 da A520 ba su da tabbacin AMD na ɗaukar Ryzen 1000 da 2000, ko 3200G da 3400G, alhali tsohon B450 yana ɗaukar su duka, shi ya sa nake ganin har yanzu B450 mai kyau ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi.

Hukuncin ƙarshe yana cikin jerin furosesocin da kamfanin da ya ƙera allon ya wallafa a shafinsa na intanet. A karanta cikakken sunan allon kamar yadda aka buga shi a jikinsa, yawanci kusa da soket ko tsakanin ramukan kati, domin ƙarin harafi ɗaya ko biyu a ƙarshen suna yana iya nufin wani allo dabam. Gigabyte kan buga lambar kwaskwarima a kusurwar allo, kamar rev. 1.0, kuma wajibi ne a buɗe shafin da ya dace da wannan lambar. Idan an sami sunan furosesar a jerin, kada a tsaya nan, a duba gefensa, inda aka rubuta lambar BIOS, wato shirin cikin allon, da daga kansa allon ya fara gane ta. Wannan lambar, a ganina, ta fi duk wani alkawarin mai shago nauyi.

BIOS shi ne ɗan shirin da ke cikin allo wanda yake tayar da furosesa tun kafin Windows ta fara aiki, kuma ba ya gane furosesar da aka ƙera bayan an rubuta shi. Allon B450 da aka yi a 2018 ko 2019 ba zai tashi da Ryzen 5 5600 ba sai an sabunta shi, haka ma H610 ko B660 na farkon fitowa idan aka ɗora masa zubi na 13 ko 14. Wani kwalin yana ɗauke da tambarin da ke nuna cewa an riga an shirya allon don Ryzen 5000. Idan allon na hannu ne, a roƙi mai shi ya kunna shi, a danna Del ko F2 a shiga BIOS a ga lambar da ido, ko a duba ta da manhajar CPU-Z. In ta kama a sabunta, wasu allunan suna da maɓalli a baya da ke yin aikin da filash kaɗai ba tare da furosesa ba: ASUS na kiransa USB BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Allunan masu araha sau da yawa ba su da shi, don haka sai an aro tsohuwar furosesa, kuma gara a sa mai shago ya yi wannan kafin a biya. Kada a kuskura a fara sabuntawa da wutar da za a iya ɗaukewa a kowane lokaci, domin yankewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe allon. A jona shi da inbata ko UPS tukuna.

Batun RAM, wato ma'adanar wucin-gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gajere ne. AM4 na amfani da DDR4, AM5 kuma DDR5 kaɗai, amma allunan LGA 1700 iri biyu ne, wasu na DDR4 wasu na DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Abin da ya fi wannan cin mutane shi ne hoto. Furosesar Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar i3-12100F ko i5-12400F, ba ta fitar da hoto da kanta, haka ma Ryzen 5 3600, 5500 da 5600, ko da kuwa akwai ramin HDMI a bayan allon. Wanda ba shi da kuɗin katin hoto ya nemi mai harafin G, kamar Ryzen 5 5600G, ko i3-12100 marar F.

Mai sayen na hannu ya haska fitilar waya a cikin soket ɗin Intel ko AM5, yana karkata allon a hankali, domin a cikin ƙananan fil na ƙarfe da ke cikin soket ɗin, wanda ya lanƙwashe yakan yi ƙyalli dabam da 'yan'uwansa. A AM4 kuwa fil ɗin suna jikin furosesar ne, sai a juya ta a duba layukan. Allon da aka ciro daga kwamfutar ofis ta HP ko Dell yana da araha, amma sau da yawa mahaɗin wutarsa da siffarsa na kamfanin ne kaɗai, ba zai karɓi akwatin wuta na gama-gari ba. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman Intel daga zubi na 8 ko Ryzen daga jerin 2000, ba na ba kowa shawarar zuba kuɗi a H110 ko B250 yanzu. Kafin a bar shagon, a sa a haɗa allon da furosesar da RAM a kan tebur, a kunna, a ga sunan furosesar ya fito a BIOS, sannan a karɓi rasit mai ɗauke da cikakken sunan kowanne.