Yadda Ake Gano Gogayyar Dabbobi Kan Abinci da Ruwa a Kaduna

Dabbobi suna gogayya ne a duk lokacin da abinci, ruwa ko wurin sheƙa ya gaza wadatar da su, kuma ɗalibi zai iya nazarin haka ba tare da ya bar unguwarsu ba.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci da wuri. Rani ya fi dacewa, musamman watan Maris, lokacin da kududdufai suka ƙafe, Kogin Kaduna kuma ya ja baya. A tsayar da wuri guda, kamar bakin kogin, bayan kwata ko gindin mangwaro, a riƙa zuwa da sassafe.

Na biyu, a rubuta kowace dabba da aka gani da abin da take nema, sannan a duba ko abokiyar gogayyarta irinta ce ko wata iri daban. Jan gwada biyu da ke gyaɗa wa juna kai a kan katanga suna takaddama ne kan fili da mata, kuma gogayyar 'yan iri ɗaya ta fi tsanani, domin buƙatunsu ɗaya ne sak. Shirwa da hankaka a kwata kuwa misali ne na iri biyu.

Na uku, kada a tsaya jiran faɗa, wanda a ganina nan ne masu nazari da yawa suke kuskure. Akasarin gogayya ba ta da hayaniya: tumakin da suka riga isa fili suka kwashe ciyawa sun rage wa shanu abinci, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Domin gwaji, a zuba gero a tire guda, a lura da kazar da ke tsattsagar sauran tana korarsu, washegari kuma a watsa shi a tsakar gida, a kwatanta.

Daga ƙarshe, a nemo yadda suke raba abin. A 1934, masanin Rasha Georgy Gause ya haɗa iri biyu na ƙananan halittun ruwa a kan abinci ɗaya, sai ɗaya ya ƙare ƙurmus. Saboda haka, idan iri biyu suka daɗe tare, a binciki bambancinsu: tsuntsaye suna shan mangwaro da rana, jemagu kuma sai bayan magariba, don haka a koma gindin bishiyar da tocila.