Masu haɗa tambayoyin kacici-kacici, ga inda kuke ɓata aiki

Lokacin bikin sauka ya zo, kuma a Daura kusan kowace Islamiyya sai ta cusa gasar kacici-kacici a cikin shirin walima. Madalla da hakan. Abin da ya ishe ni shi ne takardun tambayoyin da matasan malamai ke kawo mini in duba: kuskuren bara shi ne na bana.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne "Ayoyi nawa ne a cikin Alƙur'ani?" sannan a rubuta amsa 6666. Lambar tana da daɗin faɗi, shi ya sa ta zauna a bakin mutane, amma ba ita ba ce. A ƙirgen Kufa, wanda bugun Hafsu yake bi, ayoyi 6236 ne. Bugun Warshu, ruwayar makarantun allonmu, ƙirgen Madina yake bi, 6214. Ko Baƙara ma 286 ce a Hafsu, 285 a Warshu. To yaron da ya taso a tsangaya da wanda ya taso a Islamiyya, wa za ka kayar?

An taɓa ɗora ni kan kujerar alƙalanci a wata makaranta, aka bar takardar amsoshi a hannun wani matashi mai rubuta maki. Aka yi tambayar yawan ayoyi, wata yarinya ta ce 6236, ko ɗar babu. Kafin in buɗe baki ya kaɗa ƙararrawa, wai ta faɗi. Mahaifinta alaramma ne, yana zaune a sahun gaba. Ya miƙe ya gyara rawani, ya ce a kawo Alƙur'ani a ƙirga a gabansa. Taro ya hargitse, yarinya tana kuka, iyaye mata suna ta salati. Wanda ya haɗa tambayoyin ya sulale, ni da ke kan kujera na sha baƙar magana, aka daɗe ana yi mini kallon wanda ya danne haƙƙin 'yar mutane. Yanzu ba na zama alƙali sai an kawo mini takarda na kwana da ita, kuma duk tambayar da ta shafi ƙirgen aya sai an ambaci ruwaya a cikinta.

Na biyu ya fi wannan haɗari. "Cika wannan hadisi: Hubbul waɗani..." Haba malam! Wane hadisi? Zancen nan na "son ƙasa yana daga imani", tun tuni malamin hadisi Assagani ya sa shi cikin ƙagaggun hadisai. Haka "Annazafatu minal iman": ma'anar ta yi, amma lafazin da ya tabbata a Sahihu Muslim shi ne "Aɗɗuhuru shaɗrul iman", kuma yana nan a Arba'una Hadisi, na 23, littafin da kai da kanka kake biya wa yaran. Ka tara yara a gaban iyayensu, ka ba su kyautar atamfa saboda sun jingina wa Manzon Allah (SAW) abin da bai faɗa ba? Ka manta gargaɗin da ya zo a Buhari da Muslim a kan mai yi masa ƙarya da gangan? Ni dai in ban buɗe littafi na ga hadisi da idona ba, jan biro nake sa masa. Wasu na cewa na cika tsanani. Su ce.

Zantukan hikima ma haka. Hoton wani dattijo da rubutu a ƙasa, an turo a WhatsApp, ba hujja ba ne.

Sauran ƙanana ne. Tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa yake ajiyewa a ciki ba. Jemage ba tsuntsu ba ne, haihuwa yake yi ya shayar, kuma yana gani. Macen sauro ce ke cizo ta sa zazzaɓin maleriya, ba shan mangwaro ba.

A ɓangaren waƙa kuwa, ku daina tambaya mai baki biyu. "Wa ya yi Bakandamiya?" Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa. "Shata ɗan ina ne?" Wani zai ce Musawa, inda aka haife shi, wani ya ce Funtuwa, inda ya zauna, ɗan Daura kuma ya tuna maka a nan aka binne shi a 1999. Ka ce "A wane gari aka haifi Shata?" magana ta ƙare.

Tambayar sikila kuma a kula da yadda ake tsara ta, don akwai 'yan mata masu shirin aure a cikin masu sauraro. In miji AS ne mata AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ne kawai zai zo da SS ba. Kowane ciki da nasa lissafin, kashi 25 cikin 100. Ana iya haifar huɗu babu mai ita, ana kuma iya samun biyu a jere.