Yadda za ka fara gina wa 'yan talla dandalinsu a intanet ba tare da ka yi asara ba

Duk wanda ya taɓa aikin tallata kayan kamfani, irin namu na ɗaukar samfur a jaka ana zagaya shagunan kasuwannin Singa da Sabon Gari a Kano ko a bi mota zuwa ƙauye ranar kasuwa, ya san rabin ilimin sana'ar nan a bakin 'yan'uwa yake. Wane dila ne ke biya kan lokaci, wace hanya ce ba ta biyuwa da damina, nawa kamfanin can ke ba da kamasho, duk a hira ake ji. To yanzu hirar ta koma guruf na WhatsApp, kuma kowa ya san halin guruf, yau ka yi tambaya a ba ka amsa mai kyau, bayan sati biyu sabo ya shigo ya sake irinta, amsar kuwa ta nutse ƙarƙashin barka da Juma'a ɗari da hotunan biki da wani sauti mai minti tara da ba wanda ya saurara. Ga shi guruf ba ya ɗaukar fiye da mutum 1024. Amfanin shafi naku na kanku kenan, rumbu ne, abin da aka zuba bana ana samunsa baɗi.

Amma don Allah kar ka fara da neman mai gina shafi. Fara da mutane. Ka nemi kamar mutum ashirin ko talatin masu sana'a iri ɗaya waɗanda ka san idan ka kira za su ɗaga, ka tambaye su me ke ci musu tuwo a ƙwarya. Na ce iri ɗaya saboda mai bin asibitoci da tallar magani da mai sayar da waya a kasuwar Farm Centre da dillalin filaye duk ana ce musu 'yan talla amma ciwon kansu daban ne, in ka tara su wuri guda tun farko kowa zai leƙo ya ga ba nasa ake yi ba ya wuce.

Sai suna, wato domen, adireshin da ake rubutawa a shiga shafin. Gajere, wanda za ka faɗa wa mutum cikin hayaniyar kasuwa ya riƙe ba sai ya rubuta ba. Mai ƙarewa da .com.ng ya wadatar, NiRA, ƙungiyar da ke rajistar sunayen intanet na Najeriya, ita ce ke kula da shi, ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince wa kuma da naira ake biya duk shekara. Nan fa a kula, ka yi rajistar da sunanka da imel ɗinka. Ni na farkon da na yi wani yaro na ba kuɗi ya saya min, ashe da imel ɗinsa ya buɗe, shekara na zagayowa lambarsa ta daina shiga, ina ji ina gani sunan ya mutu har da duk abin da muka tara a kai. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Manhajar da za ka ɗora ba sai an ƙera maka sabuwa ba, wanda ya ce sai ya rubuta maka daga tushe kuɗinka yake so. WordPress, manhajar gina shafi, kyauta ne, ka ƙara masa bbPress don zauren tattaunawa, in kana so kowa ya sami shafinsa da hotonsa sai ka ƙara BuddyPress, kuma duk suna tafiya a kan hostin mai araha, wato hayar wurin da shafin zai zauna a intanet. Akwai wata manhajar zaure mai suna Discourse, shi ma kyauta ne kuma gaskiya ya fi daɗi a waya, sai dai yana son saba tasa shi kaɗai, wato kwamfutar da ake haya a ɗora shafi a kanta, mai RAM aƙalla 1GB, irin wannan kuma yawanci da dala ake biya kowane wata. Ni dai shawarata WordPress tukuna. A sa wa shafin makullin tsaron nan na https, Let's Encrypt na bayarwa kyauta. Kuma kar ka gwada shi a kwamfutar ofis ka ce ya yi, ari ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno ka shiga cikin rumfa inda sabis ke rawa, in ya buɗe a nan to ya buɗe, don mutanenka a tsaye suke karantawa suna jiran Alhaji ya gama ƙirga kuɗi.

Ɗakuna uku ko huɗu sun isa, farashi da yanayin kasuwa, guraben aiki, dabarun shawo kan kwastoma, sai karɓo bashi wanda ina tabbatar maka shi zai fi cika. Kar a buɗe shi fayau kamar kango, ka koma guruf ka tono tsofaffin amsoshi masu kyau kamar goma sha biyar, ka nemi izinin masu su, ka jera kafin ka gayyaci kowa. Wani ɗan abu kuma, mafi yawanmu ba sa rubutu da lanƙwasa, wani zai rubuta kudi wani kuɗi, to ka gwada akwatin bincike da duka biyun ka gani, in ba ya haɗa su sai ka riƙa sa kalmar iri biyu a kanun.

Yanzu inda rigima take. Cikin satin farko wani zai ce a buɗe jerin sunayen diloli masu cin bashi, kowa zai yi na'am, kai kuma ka ce a'a. Mutum zai iya sa sunan abokin gabarsa don ƙiyayya kawai, kuma in aka tashi ƙarar ɓata suna mai shafi za a fara nema, ga dokar kare bayanan mutane ta 2023 tana nan. A ba da labarin yadda aka yi da yadda aka karɓo kuɗin, ban da suna, ban da lambar waya, ban da hoton shago. Haka takardar farashin cikin gida ta kamfani, a hana ɗorawa, ana korar mutum daga aiki a kan ƙasa da haka. Duk tallan aikin da aka ce sai ka tura kuɗin fom a goge shi nan take a toshe mai shi. Wannan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ka samo admin biyu, ɗaya ya zama dattijo a sana'ar wanda in ya ce ya isa ake yin shiru.

Maganar kuɗi kuma ka haƙura, kar ka caji membobi ko sisi a farko. In an taru kamfanoni da kansu za su zo neman 'yan talla, su ne za su biya kuɗin sa sanarwar aiki, lokacin sai ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka haɗa Paystack ko Flutterwave don karɓar kuɗi ta intanet.

Guruf ɗin WhatsApp kar ka rufe shi, shi ne ƙofar gida. Duk wanda ya yi tambaya a can ka amsa masa a shafi ka turo masa link, za su yi ta mita wata ɗaya ko biyu kafin su saba. Ranar sabunta domen da hostin kuma ka sa ta a kalandar wayarka da ta admin ɗaya, ka sa ƙararrawar ta buga tun saura sati biyu.