Keken hawan dutse na farko: guji mai shoka biyu

In kuɗinka kaɗan ne, ɗauki mai shoka a gaba kaɗai. Shokar baya a keke mai araha kwalliya ce: ga nauyi, ga shanye ƙarfin ƙafa a hawa, ƙurar Kaduna kuma ba ta barin mahaɗarta ta daɗe.

Gara gwanjo mai taya inci 26 da giyar kamfanin Shimano, kayan gyaransa ba sa wuya.

Duba duk inda aka yi walda. Ka ga tsaga a alminiyam? Bar musu kayansu.

Ja sarƙa daga gaban farantin feda. In ta ɗago har haƙora suka fito, ta cinye, rage kuɗinta a ciniki.

Sai dai in gangaren duwatsu irin na Kajuru za ka yi da gudu, ƙara tara kuɗi tukuna ka sayi mai shoka biyu mai inganci.